Dutsen da ya zuba a wuyan matar kwamanda

A shekarun da soja ke riƙe da ƙasa, ni matashin maƙerin azurfa ne a kasuwar Malanville. Na gaji sana'ar daga mahaifina, kuma har daga Gaya, garin da ke ƙetaren kogi, ake tsallako gada a kawo mini duwatsun ado in duba. Wanda na fi sani shi ne lazuli, shuɗin dutsen da alhazai ke tahowa da shi daga Makka. Na gaske yana da nauyi da sanyi a tafin hannu, da ɗigo-ɗigo kamar zinariya, wani lokaci da farar jijiya. Na jabu farin dutse ne da aka rina, kuma auduga da ɗan turaren kwalba sun isa su tona shi.

Wata ranar kasuwa kwamandan jandarma ya tsaya a rumfata, ya zazzage shuɗɗan duwatsu a kan tabarma. Ya ce babbansa na Kwatano ne ya ba shi kyauta. Yana dariya ya ce an faɗa masa idona ya fi na 'yan duba gani, to in gaya wa jama'a darajar abin da ke gabana. Tun ban taɓa su ba na ga shuɗin ya cika daidaita, babu ɗigo ko ɗaya. Audugar tana kusa da gwiwata. Ban ɗauke ta ba. Na ce masa ransa ya daɗe, waɗannan na gaske ne. Ya ce in rantse, na rantse. Ya bar mini su in ɗaura su a sarƙar azurfa.

Matarsa ta sa sarƙar zuwa wani suna a garin Guéné. Mata suka feshe ta da turare kamar yadda ake yi wa babbar baƙuwa, sai shuɗin ya gangaro mata a wuya, ya ɓata farin mayafinta a gaban kowa.

Da aka kai ni ofishin kwamandan bai ɗaga murya ba. Ya kira ni malamin duwatsu, ya tambaye ni ko abin da ya kawo mini na gaske ne. In na ce i, to ni na musanya su, ni ɓarawo ne. In na ce a'a, na yi rantsuwar ƙarya a bainar jama'a, kuma na ce babbansa ya ba shi jabu. A wancan zamani magana ta biyun nan tana iya kai mutum inda danginsa ba za su sake jin labarinsa ba. Na zaɓi zama ɓarawo.

Aka kulle ni sai na mayar da duwatsun da ban taɓa gani ba. Mahaifina yana da tasbahar lazuli ta gaske da ya zo da ita daga aikin hajji. Da hannunsa ya tsinke ta, ya kai musu. Ranar da na fito bai yi mini faɗa ba. Ya tambaye ni kawai ko audugar ƙarewa ta yi. Har ya rasu da yatsunsa yake tasbihi, kuma ba wanda ya ƙara tsallako gada da dutse domina.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan kakin kwamanda. Yanzu na san da na goga audugar a gabansa, da dutsen ne zai yi magana, ba ni ba. Duk wanda aka kawo wa abu don ya sani, ya gwada kafin ya buɗe baki. Tsoron ranar nan na ɗan lokaci ne, amma sunan ɓarawo har yau ina ɗauke da shi.