Ranar da Na Goge Ruga Daga Taswira

Abubuwa da yawa sun wuce ni a zaman aure, wasu na manta, wasu sai an tuna mini. Amma ranar da na goge ruga guda daga taswira da ɗan yatsana, ita kam ko na tsufa na rasa haƙora ba za ta fita raina ba.

Lokacin muna zaune a Anka. Maigidana yana aiki da wata ƙungiyar lafiya mai bin ƙauyukan da gubar dalma ta taɓa saboda niƙan dutsen zinariya, can wajen Bagega da Sunke har zuwa ɓangaren Bukkuyum. Shi ba likita ba ne, ko allura bai iya ba. Aikinsa kula da wata taswira da ke kan intanet. Kowane ƙauye da tunga da ruga yana da ɗigonsa a jikinta. Ma'aikatan da ke shiga daji suna aiko masa da abin da suka gani ta waya, shi kuma ya duba ya amince, sannan abin ya hau taswirar. Duk ranar Alhamis da azahar ake rufe ta, ayarin masu magani su sauke ta a wayoyinsu, su tsara tafiyarsu a kanta. Inda babu ɗigo, ba sa zuwa.

Na yi sakandare, ina karanta Turanci daidai gwargwado, amma wannan aiki bai taɓa zama a kaina ba. Na taɓa tambayarsa ina taswirar take in ya rufe laftof ɗinsa. Ya ce tana cikin saba. Na ce mece ce saba? Ya ce wata babbar kwamfuta ce a wani gari mai nisa, shi ma bai taɓa ganinta ba.

Na ce, “To Malam, mutum ya dinga kiwon abin da bai taɓa gani ba?”

Ya yi dariya ya ce haka aikin yake. Na bar maganar, na koma ga tukunyata.

Farkon damina ne ciwon ido ya kama shi, afolon nan da ke bin gida gida. Idanunsa suka yi jawur, suka kumbura, ko hasken tsakar gida ba ya iya kallo balle na laftof. Ranar Talata da hantsi ya kira ni ɗaki, yana kwance da tsumma mai sanyi a fuska, ya ce in zauna in zama idonsa. Na wanke hannu, na yi bisimilla, na zauna gaban abin nan ina jin tsoronsa kamar zai cije ni.

Ya faɗa mini kalmar sirri na rubuta. Ya ce in danna nan, in danna can. Sai ga jerin saƙonni daga ma'aikatan daji. Wannan ya ce an gina sabuwar rijiya, wancan ya ce gada ta karye. Ina karantawa, yana cewa in amince, ina danna koren akwati. Har na fara jin daɗi, ina ganin ashe aikin da ake ta kambamawa ke nan. Can na zo kan wani saƙo da ya ce an je wata ruga ba a tarar da kowa ba, a cire ta. Har da hoto: fili ne an yi huɗa, gero ya fara tsirowa, ba bukka, ba saniya.

Ya ce, “Akwai hoto?”

Na ce akwai.

“Babu mutane ciki?”

Na ce babu kowa, sai gero.

“To danna.”

Na danna. Wani ƙaramin ɗigo shuɗi da ke gefen wani rafi ya ɓace. Ban ji komi ba. Na tashi na je na sauke shinkafa.

Washegari Laraba sai ga Bafillatanar da ke kawo mini nono. Mun shekara biyu muna tare, tun ina da cikin ɗiyata ta biyu. Doguwa ce, ba ta cika magana ba, kuma ba ta taɓa zuba wa nononta ruwa ba. Tana da ɗiya ƴar shekara uku da nake ajiye wa ƙuli-ƙuli. Na san an taɓa ɗibar jinin yarinyar an ce akwai gubar a jikinta, domin sun yi rani kusa da wani kududdufi da ake wankin dutse. Ranar ta sauke ƙwarya, ta zauna bakin turmi, ba ta ko buɗe faifai ba.

Na ce, “Ƙawa, lafiya? Ina mutuniyata?”

Ta ce, “Tana gida wurin Inna. Ba ta cin abinci, sai kwanciya. Masu magani sunka ce in jira su, za su zo da nata, su ɗebi jinin sauran yara. Muna ta jira. Ko kin ji mai gidanki ya ce yaushe za su taho?”

Na ce ai suna bin taswira ne, za su zo. Sai na tambaye ta, don dai hira, ko suna nan inda suke.

Ta dube ni kamar na tambayi ko ana ruwa da damina. Ta ce, “A'a, ina? Ruwa ya sauka, mai gona zai yi shuka. Mun tashi tun sati biyu, mun hau tudu.”

Kowa a ƙasarmu ya san wannan. Da rani makiyaya suna zama a gonar manomi shanu su zuba masa taki, ruwan farko na sauka su kwashe bukkokinsu su ba shi wuri. Na tashi ina ganin haka a gonar Babanmu. Amma jiya da na ga hoton gero a jikin laftof, ko kaɗan hankalina bai kai can ba. Na ce mata a gefen wane rafi suka yi rani? Ta faɗa. Rafin nan ne da na goge ɗigo shuɗi a gefensa jiya.

Na shiga ɗaki ban ko yi sallama ba. Na ce, “Malam, mutanen da na goge jiya, ina sunka tafi?”

Ya ce waɗanne mutane?

Na ce rugar nan. Na ce ga matar can zaune a tsakar gida da ƙwaryarta, ɗiyarta ba lafiya, ni kuma na goge su.

Ya tashi zaune, tsumman ya faɗo. Ya yi salati a hankali. Ya ce laifinsa ne, shi ya ce in danna, kuma wanda ya aiko saƙon baƙo ne daga kudu, malamin lafiya mai kirki, bai san tashin makiyaya ba. Ni dai ba laifin wani nake nema ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mace tana zaune a gidana da ranta, ina jin ƙamshin man shanun da ke jikinta, amma wata kwamfuta a garin da ba wanda ya taɓa zuwa ta ce babu ita, kuma maganar kwamfutar za a bi.

Ya ce in kwantar da hankalina, saba tana ajiye kwafin kowace rana, za a iya dawo da na shekaranjiya. Na ji sanyi. Na zauna, ya yi ta ba ni umarni, na yi ta lalube, sau biyu ina shiga inda ba nan ba. Da ƙyar ɗigon shuɗi ya dawo gefen rafinsa. Na ce alhamdu lillahi, na miƙe zan je in yi mata albishir.

Ya ce, “Zauna. Mi kika dawo da shi?”

Na ce rugar.

Ya ce, “Gonar gero kika dawo da ita. In ayari sunka bi wanga ɗigo, gero za su tarar, su juyo.”

Nan kaina ya ƙara kullewa. Na goge, an ce na yi ɓarna. Na dawo da shi, an ce ban yi komi ba. Ya ce abin da ake bukata lambobin da ke nuna daidai inda sabon wurin yake a taswira ne, kuma gobe da azahar za a rufe taswira. In aka rufe babu su, ayari ba za su sake biyowa ta yankin ba sai zagaye na gaba, lokacin kuwa rafuka sun cika, babur ba ya ƙetarawa.

Muka fito tsakar gida, shi yana kare ido da hannu, ya tsaya daga nesa suka gaisa. Ya tambaye ta inda suke yanzu. Ta yi kwatance tsaf: ka wuce tsamiya biyu, ka bar hanyar shanu a hagunka, ka ƙetare inda ruwa ya ci ƙasa bara, sai ka ga tudu mai farin dutse. Ni da ke tsaye har ina ganin wurin a raina. Shi kuwa ya buɗe ido da ƙyar ya leƙa hoton sama da ke cikin taswirar, ya ce duk itatuwan iri ɗaya ne daga sama, tudu kuma sun fi biyar a wajen. Ga shi ba ya iya hawa babur da idon nan, ma'aikatan daji kuma duk suna ɓangaren Gummi sai jibi.

Ina tsaye ina kallon ƙwaryarta, sai na tuna ya taɓa nuna mini yadda waya ke zana layi a bayan mutum in yana tafiya, ko babu sabis. Na ce, “Malam, dole sai mutum ya san karatu wayar ke zana layin nan?”

Ya ce a'a, ko a aljihu take.

Na ce, “Ko a ƙwarya?”

Ya juyo da jajayen idanunsa wajena, ya miƙo wayarsa. Na ce a'a, ba tasa ba. Matar aure ba za ta shiga ruga da wayar wani namiji ba, a tambaye ta ta rasa amsa. Tawa za ta ɗauka. Ya saka abin da ke zana layin a wayata da taimakon idona, na naɗe ta a ɗankwalina, wanda Innarta ta san shi a kaina.

Ƙawata ba ta karɓa nan take ba. Ta ce, “In anka sa mu ciki, kowa zai gan mu? Ba mu son kowa ya san inda shanu ke kwana.”

Maigidana ya ce mata taswirar tana da ƙofa, makullin yana hannunsa, masu magani kaɗai ya ba. Ya ce ta faɗa wa dattijon rugarsu, in bai yarda ba ta dawo da wayar, ba zai saka komi ba. Sai ta ɗaga faifai, ta ajiye ƙullin a cikin ƙaramar ƙwaryar da take ɗora wa babbar, ta rufe. Na bi ta har zaure ina tambayar Malam ko tauraron ɗan'adam da ya taɓa ce mini shi ke nuna wa waya inda take zai iya ganinta ta cikin faifai. Ya ce zai gani. Ni dai ban yarda ba.

Ranar Alhamis tun da na idar da sallar walha nake leƙen zaure. Hantsi ya yi, ba ta zo ba. Rana ta fara take tsaka, ba ta zo ba. Na ɗora girki na manta gishiri. Ina ta tunani iri iri: ko dattijon ya ƙi, ko caji ya ƙare, ko wayar ta faɗa cikin nono, ko jikin yarinyar ne ya tsananta. Wannan na ƙarshen shi ya sa na shiga ɗaki na ɗaga hannu na roƙi Allah kada Ya kama ƙaramar yarinya da gangancin yatsana.

Saura kaɗan a kira azahar na ji sallamarta. Zanenta jiƙe har gwiwa, rafi ya kawo ruwa sai da ta jira ya ragu. Ba ta ɗauko nono ba ranar, ƙullin kawai. Ta ce dattijo ya ce a saka, Inna kuma tana gaishe ni.

Na haɗa wayar da laftof, Malam yana faɗa ina yi. Sai ga wani jan layi ya fito a jikin taswirar, ya tashi daga ƙofar gidanmu. Bai miƙe ba sam. Ya shiga lungu ya fito, ya tsaya nan ya tsaya can, duk gidajen da ta sayar da sauran nononta. Ya fita gari, ya bi ta tsakanin itatuwa biyu. A bakin rafi ya yi ɗan dunƙule wuri guda.

Na ce, “Nan fa, mi ya faru?”

Ta leƙo ta kafaɗata. Ta ce, “Nan na yi la'asar.”

Daga nan layin ya hau, ya je ya tsaya cak a wani wuri da hoton sama bai nuna komi ba sai ƙasa. Malam ya ce in ja ɗigon shuɗi in kai shi can. Na ja shi a hankali kamar mai ɗaukar jariri, na ajiye, na danna koren akwati. Ladan ya fara kiran salla ina danna na ƙarshe.

Ranar Asabar ayarin suka isa rugar. Yarinyar ta sha maganinta, ta daɗe tana jinya, amma ta tashi. Bara ta zo gidana da kanta da ƴar ƙwaryarta a kai. Da idon Malam ya warke, ya sauya tsarin aikinsa: kowace ruga ɗigo biyu ya ba ta, na rani da na damina, kuma ba a ƙara cire ruga don an ga fili ba sai an tambayi masu nono a kasuwa.

Har yau in aka ce in bayyana mece ce saba, ba zan iya ba. Abin da na koya dai shi ne, taswira inda mutum yake jiya ta sani, inda yake yau sai an tambaye shi. Tun daga ranar, in aka ce mini wane ba ya nan, ko an daina jin ɗuriyar wance, ba na saurin share su daga raina. Nakan sa mayafi in je in tambaya ina suka koma.