Malama Ige Mai 'Yar Kujera

Duk wanda ya yi karatun jinya a hannun Malama Ige a nan Mafara, in aka ce ya rufe ido ya tuno ta, na tabbata kujerar nan zai fara gani kafin fuskarta. 'Yar kujerar tsuguno ta icce, irin ta bakin murhu, ta sha hannu har tana ƙyalli. Da ita take shiga aji, da ita take zagayen ɗakin marasa lafiya, in za ta hau kabu-kabu ta ɗora ta a cinya kamar jaririya. Farar riga ta sha guga, farin hijabi fes, sannan ga kujerar madafa a hammata! In ta iso bakin gado sai ta dire ta ta zauna, kanta ya dawo ƙasa da na mai ciwon, mu ɗalibai muna tsattsaye kamar turakun rumfa.

"Ku duƙa mana!" haka take ce mana. "Mai ciwo ba ya faɗa ma na tsaye gaskiya. Ya san na tsaye tahiya za shi yi."

Ni kuma kun san abin biyu ya haɗe mini, don ƙanwar mahaifina ce, kuma a gidanta na zauna har na gama makaranta. Ranar da bakina ya suɓuce na ce mata Goggo a cikin aji, ko waiwayowa ba ta yi ba daga allo.

"Goggonki na gida. Nan Malama ce."

Da yamma na isa gida da fushina, na ce, "Sannu da gida, Malama."

Ta ce, "Malama ta tashi aiki. Ɗauko tsintsiya."

To, Hassi, ki yi haƙuri, ke da bakinki kika ce in ba da naki labarin. Ga wanda bai sani ba, Hassi na gaba da mu da aji biyu, kuma lokacin an tura ta wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye can wajen Maradun. A shekarar Malama tana bincike kan yadda ake karɓar marasa lafiya tun daga bakin ƙofa: tsawon jiran da suke yi, da irin maganar da ake yi musu. Aka ce mata ai duk yana cikin rajista, ta aika a kawo mata. Ta ce rajista ba ta taɓa zaman layi ba, don haka ba ta san ciwon baya ba.

Ranar kasuwar garin ta ɗaura wani tsohon zane, ta saka hijabin da ya koɗe, silifa ƙafa ɗaya ja ɗaya shuɗi, ta bar kujerar a gida don kar ta tona mata asiri. Ta je asibitin da Hassi take, ta shiga cikin mata masu jira ta zauna tun hantsi. Rana ta take, layi bai motsa ba. Can ta lallaɓa wajen tebur ta ce, "Ɗiyata, tun sahe nike nan."

Hassi na ta rubutu, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Iya, koma ki zauna! Ba ke kaɗai ke da ciwo ba."

Malama ta koma ta zauna abinta. Sai bayan azahar layi ya zo kanta.

"Mi ke damunki?" in ji Hassi, kai na ƙasa, biro na gudu.

"Ciwon ido."

"Wane idon, na dama ko na hagu?"

"Ba nawa ba, naki. Tun sahe bai ɗaga ya dubi mutum ba."

Wayyo Hassi! Ta ce da ta ɗago ta ga fuskar nan, biron da kansa ya bar hannunta, ta nemi ƙasa ta tsage ta shige. Amma kun san Malama. Ba ta kai ƙara ko'ina ba. Ta cire hijabin, ta wanke hannu, ta ce a kira na gaba. Tare suka sallami sauran mutane har la'asar, ita da silifanta kala biyu. Da za ta tafi ta ce, "Rabin laihin naki ne. Rabin na wanda yab bar ki ke ɗai da jama'ag ga. Duka biyun zan rubuta." Kuma duka biyun ta rubuta.

Ina dariyar Hassi, ashe nawa na tafe. A shekarar ƙarshe kowa sai ya yi nasa binciken kafin a ba shi shaida, ni kuma tsautsayi ya sa aka ba ni Malama ta duba nawa. Na zaɓi gamsuwar marasa lafiya da kulawar ma'aikatan jinya. Na tsara takardar tambayoyi mai kyau, kowace tambaya da gidaje biyar, daga "na gamsu ƙwarai" har zuwa "ban gamsu ba sam". Sati uku ina hawa mota zuwa wani asibiti a ƙasar Bakura, ina bin gado-gado ina tambaya ina cikewa. Sakamako ya fito gwanin sha'awa, kusan kowa ya gamsu ƙwarai. Na kai mata ina taƙama.

Ta juya shafi biyu, ta dube ni ta saman tabarau.

"Kin ce kowa ya gamsu?"

"Kusan kowa, Malama."

"To a rufe makarantag ga mu tahi gida, aiki ya ƙare. Ke, Bahaushe ko ƙahwarshi na cikin wuta kinka ce mishi ya jiki, da sauƙi za shi ce. Kin tahi da farar riga kin tsaya bisa kan mutum kina tambaya ko masu farar riga na da kirki. Mi kike so shi ce? Gobe ki shirya."

Washegari muka tafi tare. Ta ce in nuna mata wanda ya fi kowa gamsuwa a takarduna. Na kai ta wajen wani dattijo, Baba Mani, manomin shinkafa a fadamar Bakolori. Fartanya ce ta sare shi a ƙafa, an ba shi magani ya koma gida, ciwon ya ƙi warkewa har ya ruɓe, aka dawo da shi aka kwantar. Malama ta dire kujera ta zauna. Aka shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya jiki, ya ruwa, ya shinkafa, an yi dashe, tsuntsaye fa, albasa ta yi kuɗi bana? Ni ina riƙe da biro har hannuna ya gaji, ina cewa a raina yau gaisuwa muka zo yi. Sau uku tana tambayar jiki, sau uku yana cewa da sauƙi. Sai can, kamar abin da ya faɗo mata, ta ce:

"Baba, maganin da anka ba ka wancan karon, yaya kaka shan shi?"

"Yadda anka ce mani, Hajiya. Sau uku a rana, bayan an ci abinci."

"Madalla. Sau nawa kaka cin abinci?"

"Sau ɗaya mana, tuwon dare."

"Da rana fa, can gona?"

"Hura nika sha."

"To ba ka bin ta da maganin?"

Dattijon nan ya dube ta da mamaki, kamar ta faɗi abin kunya. "Haba Hajiya! Hura ai shan ta aka yi, ba cin ta ba. Yarinyar da tab ba ni maganin cewa tay yi bayan an ci."

Ya laluba aljihun 'yar shararsa da ke rataye a kan gado, ya ciro ƙullin leda cike da ƙwayoyi. "Ga sauran nan, ina ta aje su. Ko ɗaya ban ɓatar ba."

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Mutum ya kusa rasa ƙafa saboda kalma ɗaya, ni kuma na rubuta shi a gidan "na gamsu ƙwarai". Malama ta yaba masa riƙon amana, ta yi masa bayani a hankali, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Ga bincikenki nan cikin leda."

Saura 'yan makonni a miƙa aiki, ta ce in sake daga farko. Na yi kuka, na kai ƙara wajen mahaifina. Ya ce shi ma tun suna yara bai taɓa cin ta da gardama ba, in je in yi abin da ta ce. Haka na koma ina zama da mutane ina jin yadda suke fahimtar bayanin magani. Abin da na jiyo, Allah kaɗai ya sani! Daga wannan aikin ne ma'aikatan wurin suka koma cewa a sha bayan asuba, bayan azahar da bayan isha'i, ko da fura ce aka sa a ciki. Baba Mani kuwa da ƙafafunsa biyu ya koma gona.

Tsofaffin takardun nawa fa? Kun san Malama ba ta yar da ko tsinke. Ambulan ɗaya sai ta juya shi ta sake aikawa da shi. Na ce a ba mai ƙosai ta riƙa ƙunshi. Ta ce atafau, amsoshin mutane ne a ciki, sirrinsu ba zai je kasuwa yana naɗe da ƙosai ba. Sai ta jibge su a madafa, kullum da safe ta yagi biyu ta hura wuta. Wata rana tana dama koko ta kira ni.

"Zo ki gani. Kin ce ina raina aikinki? Yau kwana ashirin shi ka ciyar da gidan ga."

Da ciwon ajali ya kama ta aka kwantar da ita, ku da kuka yi aiki a ɗakin kun sha kallo. Rabin ma'aikatan ɗalibanta ne, kowa in zai shiga sai ya tsaya bakin ƙofa ya gyara riga ya duba farcensa. Jijiyoyinta sun ɓuya, saka mata ruwa ya zama aiki. Wata rana aka zo da ɗalibai 'yan shekarar farko, sai ta nuna wata da ke laɓewa a bayan 'yan uwanta ta ce ita za ta saka mata. Yarinyar ta soka allura, ba ta samu jijiya ba. Ta sake, ba ta samu ba. Hawaye ya cika mata ido. Shugabar ɗakin ta matso za ta karɓa, ni ma na ce, "Goggo, don Allah ki bari a yi miki a huta."

Ta ce, "Ku bar ta. Hannun ga ya gama aikinshi, ku bari a yi karatu da shi." Ta dubi yarinyar. "Ja numfashi. Taɓa da yatsa, ki daina nema da ido. In wagga ta ƙi, kar ki damu, akwai wani hannun, kuma ƙahwahuna biyu."

Yarinyar ta fashe da dariya cikin hawaye, ta taɓa, ta soka, jini ya leƙo. Goggo ta lumshe ido ta ce, "Kin gani? Tahi ki gaya ma uwarki yau kin zama nas."

Kwana huɗu bayan nan ta cika, da hantsi, ana tsakiyar zagaye. Ni na rufe mata ido. Da na zo gyara mata hannu sai na ga tabon allurar nan uku a jere, biyu sun yi baƙi, ɗaya ƙarami tsaf. Na daɗe ina riƙe da hannun ban iya sakinsa ba.

Allah ya jiƙan Goggo Ige, ya yafe mata kurakuranta, ya sanyaya makwancinta. Yadda ta tausaya wa bayinsa a lokacin rauninsu, Allah ya dube ta da rahama. Mu kuma da ta bari da aikin nan, Allah ya ba mu haƙuri da taushin hannu, ya sa mu cika da imani. Amin.