Jiƙaƙƙen Tsumman Baba

Shekarar da aka sa mini rana, saura kaɗan in mayar da kayan saboda mafarki.

Mu Kirista ne, 'yan kaɗan a Goronyo. Aikin madatsar ruwa ya kawo Baba, da ya ajiye aiki sai ya zauna yana noman albasa a fadama. Ni a nan aka haife ni, na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi. Wanda zan aura mai gyaran injin ban-ruwa ne, ɗan majami'armu, kullum hannunsa dumu-dumu da baƙin mai. Ina son sa, amma ban taɓa karanta labarin da masoyin yake warin fetur ba, kuma abin yana ɗan sosa mini rai.

Sai wani baƙon mai wa'azi ya sauka wurinmu. Muryarsa sanyi gare ta, in yana magana har lumshe ido nake yi. Koyarwarsa ita ce duk mafarkin mai bi muryar Allah ce, shi mai wa'azin aka ba fassara, wanda kuma ya tsaya duba Littafi Mai Tsarki bangaskiyarsa ce ba ta cika ba. Na gaya masa nawa mafarkin: dogon mutum cikin farar shadda, ya jingina da jar mota, yana miƙo mini fure. Ya ce wannan ne mijin da Ubangiji ya zaɓa mini, in mayar da kayan mai inji kafin Lahadi, in ba haka ba na yi wa Allah tawaye.

Na koma gida ina kuka, kodayake rabin kukan na daɗi ne. Na tarar da Baba a zaure yana jera ƙwayoyin irin albasa a kan jiƙaƙƙen tsumma. Haka yake yi duk shekara: ba ya zuba iri a ƙasa sai ya naɗe kaɗan a tsumma, ya jira ya ga ko zai tsiro.

"Ɗiyata, mi as same ki?"

Na kwashe duka na faɗa masa.

"To, maganar wanga bawan Allah ma mu naɗe ta kwana bakwai. Kullum da sahe mu buɗe Littahi mu gani."

"Baba, kafin Lahadi fa ya ce."

"Awo. Wanda yas sayar min da mataccen iri shekarun baya, shi ma cewa yay yi in shuka yau-yau."

Muka fara. Bayan addu'ar safe ni ke karatu, don idonsa ya yi rauni, shi kuma yana yayyafa wa tsummansa ruwa. Mun sami mutanen da Allah ya yi wa magana a mafarki, har na yi murna. Amma ba mu sami inda aka hana bincike ba. Gargaɗi ma muka yi ta tararwa cewa a gwada masu koyarwa, a kuma riƙe alkawari. Baba bai taɓa zagin baƙon ba, sai dai ya ce, "Ci gaba, Hajiyar mafarki."

Rana ta biyar ina kakkaɓe shimfiɗa, wani littafi ya faɗo. A bangonsa ga dogon nan, ga farar shadda, ga jar mota, har furen. Na daɗe a tsaye kunya ta rufe ni, sannan na kai wa Baba.

Ya kai shi dab da idonsa, ya yi dariya har da tari. "Ashe surukin nawa bugun Kano ne! Ki gaishe min da shi."

Lahadi ta zo ta wuce, kayan suna ɗakina. Baƙon ya ce na taurare zuciya, na gaishe shi da ladabi na wuce. Da yamma mai inji ya zo zance, ya ɓoye hannayensa a baya don bai gama wanke su ba. Na ce ya fito da su, in gan su haka nan.

Baba ya rasu, tsumman yana wurina. Har yau in na tashi da safe na ce wa maigidana na yi mafarki, ba ya ɗago kai daga injin da yake kwancewa, sai ya ce, "A shafi na nawa?"