Ranar da aka fizgo ni daga ƙarƙashin ruwa

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai ba a shafin nan, kuma ban taɓa faɗin abin da ya sa nake jan ƙafar hagu ba. Duk wanda ya tambaya sai in ce haɗari ne. Yau dai zan faɗa.

A Fatakwal aka haife ni. Mahaifina goro yake sayarwa, ni kuwa ruwa ne ya ɗauke min hankali. Na koyi nutso da tulun iska, har na samu aiki da wani ƙaramin kamfani. Mu ne masu shiga ƙarƙashin jirage mu duba farfela, ko mu ɗaure abin da ya nutse a jawo shi.

Lokacin rikicin 'yan bindigar rafi ne, ana ɗauke ma'aikata a kan ruwa, sojoji kuma sun cika gari.

Ran nan da hantsi aka tura mu cikin teku, wuri mai zurfi. Ƙa'idar aikin ita ce idan ka daɗe a ƙasa ba ka tasowa kai tsaye. A hankali kake hawa kana tsayawa, don iskar da ta shiga jininka ta samu ta fita.

Ina can ƙasa sai na ji ƙarar injin da ba namu ba. Kafin in ankara igiyar ƙuguna ta fizge ni, aka yi ta jana sama kamar kifi.

Ina fito da kai na ji harbi. Tamuno, abokin aikina mai riƙe igiya, yana ihu: "Nasiru, enter boat! Dem don come!"

Ashe 'yan bindigar ne suka iso. Muka tsere. Har gobe ba na ganin laifinsa. Da ya bar ni a ƙasa, da ba ni ke rubutun nan ba.

Kafin mu kai gaɓa kafaɗata ta fara sara, fatata tana ƙaiƙayi. Na ce gajiya ce. Da la'asar a gida na yi alwala a zaune, na yunƙura in miƙe, ƙafafuna suka ƙi.

Matata Rabi ta ce, "Baban Ummi, wasa kake ko?"

Na ce mata ba wasa ba ne. Harshena ma ya yi nauyi.

A asibitin unguwa aka ɗebi jini don gwajin maleriya da taifod, aka sa min ƙarin ruwa. Fitsari ya ƙi fita, marata ta kumbura, sai da aka sa roba. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ja Rabi gefe ya ce mutanen ruwa ne suka taɓa ni, a mai da ni gida. Ta ƙi.

Washegari wata likita ta zo ta yaye zanen da aka rufe ni da shi. Ta ce, "Kana ji?"

Na ce, "Me zan ji?"

Na ɗaga kai, sai na ga allura ce take soka min a tafin ƙafa. Ina kallo, amma kamar ƙafar wani ce.

Ko harbin nan bai firgita ni haka ba.

Ta tambayi sana'ata. Rabi na cewa nutso, sai fuskarta ta canza. Ta ce, "Hajiya, iska ce ta yi kumfa a jininsa ta toshe masa laka. Ba mu da maganinsa a nan. Ku kai shi camba yanzu, kada ku tsaya komai."

Camba wani tankin ƙarfe ne da ake sa mai nutso a ciki a matsa iska, kamar an mayar da shi ƙasan ruwa. Yana can ɗaya gefen garin. Tamuno ya kawo a-kori-kura, aka shimfiɗa ni a baya da tulun oksijin.

A shingen sojoji kuwa doka ce kowa ya sauko ya wuce da ƙafa, hannuwa a sama. Wani soja ya nuna ni da bindiga ya daka tsawa. Rabi ta shiga tsakanina da shi ta ce: "Ranka ya daɗe, wallahi ba ya iya tashi."

Ashe yana jin Hausa. Ya ɗaga ƙafata ya saki, ta faɗi tim kamar itace. Sai ya ce, "Ku wuce. Allah ya ba shi lafiya."

Da aka rufe ƙofar tankin nan na yi kalmar shahada. Wuri ƙunci, ga zafi, kunnuwana kamar za su fashe. Ta wata 'yar taga nake hango rabin fuskar Rabi. Ni da nake yini a ƙarƙashin ruwa, sai ga ni ina roƙon a buɗe.

Can ma'aikacin da ke ciki tare da ni ya ce in motsa babban yatsan ƙafata. Na yi ta ƙoƙari.

Ya motsa. Kaɗan, amma ya motsa.

Na sha komawa tankin. Daga nan gashin ƙashi na watanni, daga keken guragu zuwa sanda. Kamfani ya biya wani abu, jama'ar masallacinmu suka haɗa, Rabi ta sayar da keken ɗinkinta. Ranar sallama likita ya ce, "Za ka yi tafiya, amma kai da nutso kun rabu." Na yi kuka, kuma na gode wa Allah.

Yanzu gyaran injin kwalekwale nake yi a bakin gaɓa.

Alhamdulillahi. Rabi, Allah ya saka miki da Aljanna. Tamuno, likitar nan, da sojan da ban san sunansa ba, na gode.

'Yan'uwana masu nutso, ku ji ni. Kafin ku shiga ruwa ku san inda camba mafi kusa take. In kun fito kuka ji gaɓoɓi na sara, ko fata na ƙaiƙayi, ko ƙafa ta yi sanyi, kada ku kwanta ku ce gajiya ce. Ku nemi oksijin, ku tafi asibiti. Ku sanar da matanku alamomin nan tun yau, don ranar da harshenku zai yi nauyi, su ne za su yi magana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.