Ranar da Na Sake Shiga Kwalekwale

Na yi shekaru ban taka jirgin ruwa ba. Na ƙarshe da na shiga ya kife da mu ranar kasuwa, a kogin garinmu. Ni na fita. Ƙanwata ba ta fita ba.

Wankan jegon 'yata ya kawo ni Kuala Lumpur. Mijinta karatu yake yi, muna zaune a unguwar Taman Melati. Wata rana babbar jikata, 'yar shekara takwas, ta miƙo mini waya. A ciki, sama ce koriya shar, tana kaɗawa kamar zani a kan igiya.

"Gobara ce?" na ce.

"Ba gobara ba ce, Kaka. Haka sama take yi da dare a ƙasashen ƙanƙara."

"To a kai ni."

Uwarta ta yi dariya. "Inna, ke da fanka ma ke sa ki mura?"

Surukina ya yi magana daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ya ce can akwai nisa, biza kuma wuya. Amma akwai wani kogi a wajen gari, inda ƙwarin nan masu kunna wuta a gindi suke cika bishiyoyi. Na ce na yarda, a kai ni can.

Ranar Asabar muka isa bayan magariba. Surukina bai san labarina ba, 'yata kuma ta ɗauka daga gaɓa ake kallo. Sai ga gadar katako, a ƙarshenta kwalekwale yana lilo. Na ja na tsaya.

'Yata ta matso da jariri a baya. "Inna, zo mu jira su a mota."

"Kaka tsoro take ji!" in ji jikata.

"Gidanku," na ce.

Na san in na koma motar nan, yarinyar za ta shiga ruwa ba ni, ni kuma in zauna ina sauraron duhu. Na karɓi rigar da ke hana nutsewa na ɗaure. Na kwance ta jikata na sake ɗaure mata da hannuna. Na ƙirga mu: ni, jikata da ubanta, huɗu har da mai tuƙi. Wani mutum ya zo zai shiga, mai tuƙin ya ɗaga masa hannu, ya koma. Wannan ya yi mini.

Na zauna a tsakiya, hannu ɗaya a katako, ɗaya a wuyan rigar yarinyar. Ruwan baƙi ne, yana warin laka irin na gida. Shi na yi ta kallo, ina salati.

"Kaka, ba a ƙasa ba. Sama!"

Na ɗaga kai. Bishiya guda ta kama da wutar ƙwarin, ta mutu, ta sake kamawa, duk a tare. Ta gabanta ma haka, har inda ido ya tsaya.

Da mai tuƙin ya fara juya kwalekwalen, na taɓa jikata, don ita ke jin yarensu.

"Ce masa ya ƙara gaba kaɗan."