Zumar da Ba ta Sha Ba

Mai zuma tana kallon ƙaton da ke gaban teburinta. Hannunsa duk kanta irin na ɗan dako, amma farce a yanke tas. Turaren da ya fesa bai ɓoye warin gyambon da ya kama rigarsa ba. Ta san mai jinya ne.

Yana ɗiga zumar a kofin ruwa, don ya ga ko an haɗa ta da sukari.

"Ɗanɗana mana, ɗana."

"Ba ta sha ba ce, Mama. Mahaifina zan shafa wa a baya. Shekara biyu yana kwance."

"Gyambon yana rufewa kuwa?"

Ya kalli ƙasan kofin.

"Jiya na hango ƙashi. Ba ni babbar kwalba."