Khaulat da Cokalin Gyara

Khaulat 'yar gidan Malam Maliki ce, maƙwabtanmu a nan Sabo, katanga ɗaya ta raba mu. A gabana aka haife ta, don haka ina da bakin faɗin halinta: akwai ƙwaƙwalwa, akwai kuma taurin kai. Uwarta Barakatu ta fi shekara ashirin tana daka yajin tsire a cikin gida, kuma duk matan layinmu a wurinta muke saye. Ki miƙa kwanonki ta auna, sannan ta ɗora cokali guda a kai tana cewa, "Ga gyara, a gai da maigida."

Da Khaulat ta kai shekarar ƙarshe a jami'a, inda take karatun kasuwanci, sai ta ce ita ba za ta yi yawon neman aiki da takardu a hammata ba, yajin uwarta za ta mayar kamfani. Malam Maliki kuwa ya riga ya samo mata alƙawarin kujera a ofishin wani amininsa a unguwar Mokola. Aka yi ta kai ruwa rana, har ya ce, "Na ba ki zuwa ƙarshen jarrabawa. In abin bai tsaya da ƙafarsa ba, sai ofis, kuma ban da ƙorafi."

Yarinya ta sayo sikeli da kwalabe, ta buga takarda mai sunan uwarta ta manna. Gaskiya abin ya yi kyau. Na je da kwanona kamar kullum, ta miƙo mini kwalba a liƙe. Na tsaya ina jira, ita ma tana kallona.

"Ina gyara?" na ce.

"Haba Inna Ruƙayyatu, ai an auna shi cif. Gyara asara ce, ba a gina kamfani da ita."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da na goya ta za ta karanta wa boko? Na fita, kuma ba zan ɓoye ba, ni na kai labarin gidan suna har ya zaga unguwa. Wata Bayarabiya mai sayar da abinci a Mokola ma ta zo, ta jujjuya kwalbar, ta ce da Yarbanci, "Ko si jara?" wato babu gyara? Ta ajiye ta hau okada.

Mako uku kwalabe na jere a kan kanta suna kallon juna. Barakatu kuwa dakanta kawai take yi. Jarrabawa kuma ta matso.

Ran nan sai ga Khaulat a gidana da takardar tambayoyi da biro. "Inna, gishiri ne ya yi yawa, ko farashi ne?"

Na ce, "Ajiye biron nan. Cokali guda ba ya cika tukunyar kowa. Amma shi ne yake nuna mini cewa mai kayan ta san fuskata. Kwalbarki ba ta san kowa ba."

Idonta ya ciko da ƙwalla, ni ma sai tausayinta ya kama ni, na ji kunyar surutun da na yi.

Bayan kwana biyu ta dawo da kwalba, an ɗaura ɗan ƙulli a wuyanta. "Ga gyara, Inna, a gai da Baba." Da na kwance, ashe sabon yajin daddawa ne da take gwadawa. Bakin da ya ɓata shi ya gyara: na sake zaga unguwa. Mata suka koma, wasu ma abin cikin ƙullin suka je nema. 'Yan ajinsu suka riƙa aiko saƙo ta waya. Malaminsu ya ba dabarar wani dogon suna da Turanci, Barakatu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe digiri gare ta ba ta sani ba.

Ranar da aka gama jarrabawa ina gidan, Malam Maliki ya shigo daga sallar La'asar. Ya dubi kantar da ta kusa zama wayam, ya yi gyaran murya.

"Ba ni kwalba ɗaya in kai wa mutumin Mokola, in ba shi haƙuri. Kujerar nan ya nemi wani."

Murna ta sa Khaulat ta ɗauko wadda ba a ɗaura wa ƙulli ba. Malam ya karɓa, amma bai janye ɗaya hannun ba.

"Gyarana fa?"

Barakatu ta laluba cikin kwarya, ta ciro tsohon cokalinta, ta damƙa wa 'yarta.